Harƙiyar da Ta Daina Jin Magani a Gonar Gwaji

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Hukumar Raba Filayen Noma
Daga: Matar marigayi mai gonar gwaji, filin da ke bakin babbar magudanar ruwa
Kwanan wata: 9 ga Afrilu

Game da: Yunƙurin karɓe filinmu da ɗora wa mamaci laifin da ba nasa ba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi, ina rubuto wannan takarda ne a kan sanarwar da masinjanka ya kawo mini ranar 27 ga Maris, cewa hukuma za ta karɓe filin da ta ba mijina, Allah ya jiƙansa, wai sakacinsa ne ya sa ciyawar harƙiya ta daina jin maganin feshi a duk yankin. Karatuna bai yi nisa ba, abin da idona ya gani kawai zan faɗa. Wannan fili da shi nake ciyar da marayu huɗu.

1. Shekara bakwai ke nan da malamin gonarku, mai zuwa gona da farin takalmi, ya zaɓi filinmu ya zama gonar gwaji. Sharaɗinsa shi ne ba a sa fartanya, magani iri ɗaya za a riƙa fesawa kowace damina, kuma masara ce za ta bi masara. Marigayi mutum ne mai jin maganar na gaba. Ya rataye fartanyarsa, ya goya injin feshi. Aka riƙa kawo baƙi a mota su ga gonar da hannu bai taɓa ba, malamin yana gaba yana nuni da biro kamar shi ya yi shukar.

2. A damina ta uku, bayan feshi, wasu 'yan tsirarun harƙiya suka tsaya kore shar a tsakiyar matacciyar ciyawa. Ba su fi a cire su kafin rana ta yi zafi ba. Marigayi ya nemi izini, malamin ya hana, ya ce cirewa da hannu za ta ɓata masa gwaji, a ƙara murfi ɗaya na magani kawai. Muna kallo suka yi kai, suka zubar da iri. Da damina ta zagayo suka fito da 'ya'ya da jikoki, malamin ya sake cewa a ƙara murfi. Iliminsa kenan, ranka ya daɗe, na murfin kwalba.

3. Ranar 2 ga Maris, a taron manoma da aka yi a harabar ofishinku, ina zaune a baya, wannan malami ya tashi ya yi bayani tiryan-tiryan. Ya ce a cikin dubban ciyawa akan samu ɗaya da ta fito da taurin rai tun daga iri. Maganin sai ya kashe 'yan'uwanta ya bar mata fili, 'ya'yanta su gaji halinta, in aka yi ta maimaita magani ɗaya sai gona ta zama tasu. Na gane maganar sarai, don a gabana ta faru. Ko dai ya san haka tun farko ya yi shiru, ko kuwa a gonarmu ya yi karatun. Daga nan ya ba da misali da mijina, ya kira shi manomin da ya bar ciyawa ta yi iri saboda lalaci. Ya san wanda ke ƙasa ba ya musu.

4. Sanarwarku ta ce daga filinmu harƙiyar ta yaɗu. Harƙiya ba ta da ƙafa. Taraktar hukuma ce ke fita daga gonarmu ta shiga ta maƙwabta da laka dumu-dumu a garmarta, ban taɓa ganin an wanke ta ba.

5. Daminar ƙarshe, da malamin ya ɗauke ƙafa, baƙi ma suka daina zuwa, marigayi ya sauko da fartanya yana tari ya shiga gonar, ni ina bayansa ina kwashe abin da ya nome. Ban ce ciyawa ce ta kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma wanda kuka kira malalaci bai ga girbin wannan masara ba. Ni da yara muka karye ta.

Saboda haka ina roƙon mai girma shugaba da ya janye wannan sanarwa, ya bar mini filin. Ƙanin marigayi ya yarda zai taya ni, za mu sa wake bana, mu nome da hannu kafin ciyawar ta yi kai. Ina kuma roƙon a sa malamin ya janye kalmar lalaci a gaban mutanen da ya faɗe ta, don yarana da sunan ubansu za su yi yawo a duniya.

Idan kuwa hukuma ta ga lallai sai an karɓa, ina neman alfarma ɗaya: kada a sake wahalar da masinja. A turo malamin da kansa ya faɗa wa yaran. Ba zai ɓata hanya ba, ya sha zama a tabarmar ubansu yana cin abincin da na dafa.

Allah ya ƙara wa shugaba lafiya da adalci.

Taka cikin ladabi,
Matar marigayi mai gonar gwaji
(sa hannu)