Kada a Sayar da Jakunan

Ibadan, 1957

Zuwa ga Baba, a Yako.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna Kande. Yaya kaka, yaya ciwon gwiwar?

Ka tambaye ni ko a sayar da jakunanmu, a riƙa kai gyaɗa Kano a mota. Na zauna na lissafa. Kada a sayar. Mota ta fi sauri, amma ba ta ba gona taki, kuma da damina ba ta shiga Yako.

Mu ɗalibai mun ƙaurace wa aji don neman mulkin kai, aka kore mu na zango guda. Ban yi nadama ba. Ina dakon goro a Sabo, lafiya lau, sai dai kafaɗa. Kada Inna ta ji tukuna.

A ƙara wa jakunan dusa, Baba. Yanzu na san aikinsu.

Ɗanka,
Ɗantani