Ni Na Kira Shi Cima-Zaune

Salama a gare ku 'yan'uwa. Admin ka ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Lahadi. Wanda zai zage ni ya zage ni, na cancanta, amma ya haɗa da shawarar.

Ina zaune a Moss Side a Manchester, tasi nake ja. Lokacin da na shigo ƙasar nan ban san kowa ba, a Birmingham na sauka, wani dattijo ɗan jiharmu da zan kira Baba Ishaya shi ya je ya ɗauko ni a tasha, ya ba ni ɗaki a gidansa a Erdington har na tsaya da ƙafata. Shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar aurena. Tsohon hedimasta ne a gida, a nan kuma bas ya ja shekara da shekaru. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya ce, Rifkatu, Yaya take ce mini tun tana sakandare.

Shekara biyu da suka wuce Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Baki ya dawo, hannun dama yana aiki, amma ƙafa ta ƙi, a keken guragu yake. Kun san tsofaffin malaman makaranta da riƙe girma, ya hana a faɗa wa kowa. Ban da ni da 'yan cocinsu babu wanda ya sani, 'yan'uwansa na gida ma ce musu ya yi ritaya kawai ya yi. Rifkatu ta ajiye karatunta na jami'a, ta bar ɗakinta a Selly Oak ta dawo gida, ita ke ɗaga shi, ita ke kwantar da shi, ita ke yi masa har abin da ba a faɗa.

To muna da group na 'yan jiharmu mazauna ƙasar nan. Gwamnanmu ya soke harajin kasuwa da na shaguna, ya rage na kamfanoni, ya ce gwamnati ta yi ƙiba da yawa, sai ya zaftare cima-zaune daga jikinta. Kusan dukanmu mutanensa ne, mun yi masa kamfen ta waya, amma a kan wannan sai muka rabu gida biyu. Ni ina bayansa ɗari bisa ɗari, kuma ina da dalili. Mahaifiyata hatsi take sayarwa, na taso ina ganin masu rasit suna kifar mata da mudu a gaban mutane in ba ta biya ba. Baba kuma ya ce shi ma ba masoyin haraji ba ne, amma maigidan da ya rage abin da ke shigo masa sannan ya je ya ci bashi ya gina gadar sama, wannan ba tattali ba ne, jikokinsa ya jinginar. Ya ce abokansa tsofaffin malamai suna can ba fansho, ga shi su ma an fara kiransu cima-zaune. Kullum sai mun kara, ni in rubuta ina jiran fasinja, shi ya aiko saƙon murya daga falonsa.

Akwai wani na jikin gwamna a group ɗin, mu ce Honorabul, yana haɗa sunayen kwamitin masu ba gwamna shawara daga waje, kuma ya ce mini sunana yana ciki. Ranar nan na zage na rubuta dogon bayani don ya gani. Sai ga muryar Baba, a hankali kamar yana gaban allo: "Ɗana, ka yi ƙoƙari, amma shafin farko na kasafin kuɗin kawai ka karanta. Da a ajina kake biyu bisa goma zan ba ka, ɗaya na tawada, ɗaya na zuwa makaranta." Kai jama'a! Group ya kwashe da dariya, har Honorabul. Sati guda ba ni da suna sai Biyu-Bisa-Goma, har wani ɗan Ghana da muke layin tasi tare, wanda ko jiharmu bai sani ba, sai da ya kira ni da shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, ina tuƙi ina jin muryar a kunnena.

A wayata akwai wani hoto. Watannin baya na je gaishe shi, yana ta ƙorafin takardun benefit ɗinsa, wato kuɗin tallafin da gwamnatin ƙasar nan take ba marasa lafiya, na shiga kicin na ga wasiƙar a kan tebur, na ɗauke ta a waya da niyyar in nuna wa wani abokina da ya iya cike irin waɗannan takardu. Allah ya sani da kyakkyawar niyya na ɗauka, sai dai ban faɗa wa kowa ba, na ma manta da shi. Na tuna da shi a wannan satin. Na sayi sabon layi, na shiga group da sunan Mai Kishin Jiha, na saka hoton, ga sunan Baba ga komai. Na rubuta a ƙasa cewa ga dalilin da tsohon nan ke kukan a bar haraji, babban cima-zaune ne, harajin da muke biya da guminmu yake ci, in ƙarya ne ya tashi tsaye ya musanta. Wannan layin na ƙarshe da gangan na sa shi, na san ba ya iya tashi. Ba zan ɓoye muku ba, lokacin da na tura dariya na yi, kuma ta yi mini daɗi.

Mutane ba su da imani. Waɗanda suke ce masa Baba jiya su suka fi kowa, aka yi masa sitika, aka sa masa waƙa, rabinsu kuma na san abin da suke karɓa a ƙasar nan. Kafin kwana biyu hoton ya kai gida, yaran gwamna suka yi ta yawo da shi, 'yan'uwansa suka dame shi da waya, wannan ya ce me ya sa ya yi musu ƙarya, wancan ya ce tun da kyauta ake ba shi ai sai a raba. Baba ya aiko saƙo ɗaya, ya ce gaskiya ne a zaune yake ci, domin ƙafarsa ta mutu, kuma harajin da ya biya a ƙasar nan ma a zaune ya biya shi, a kan sitiyari. Ya ce Allah ya ba mu lafiya, ya fita daga group. Can sai wani ya sako maganar ƙwallo. Honorabul kuwa ya yabi Mai Kishin Jiha, ni kuma don neman gindin zama na bi shi ta gefe na ce ni ne. Ya ce aikina ya yi kyau, kujerata ta tabbata.

Abin da ban lura da shi ba, a gefen hoton akwai igiyar katin makarantar Rifkatu a kan tebur. Kuma ashe a satin da na saka hoton ita da Baba sun yi faɗa, ta ce masa gardamar nan tana tayar masa da hawan jini, in bai daina ba za ta faɗa wa 'yan group halin da yake ciki su ƙyale shi. Shi ke nan Baba ya haɗa biyun ya yanke hukunci. Ta rantse, ta yi kuka, ta durƙusa a gaban keken, ya ce ta fita masa daga gida. Kun san wa ya kira ya kwashe mata kaya? Ni. Na taso tun daga Manchester, na loda akwatunanta a motata, har ina ba shi haƙuri ina cewa yaran ƙasar nan sai addu'a.

Muna cikin mota mun hau Bristol Road, gidan ƙawarta zan kai ta. Sai ta ce, "Yaya, ranar nan ina dafa maka shayi na ji ƙarar ɗaukar hoto a bayana." Na musa, na yi fushi, na ce sharri za ta yi mini bayan abin da ta aikata. Da na ga ba ta girgiza ba sai na ce mata to ta je ta faɗa, wa zai yarda da ita, kuma ta tuna likitansa ya ce in abin ya sake buge shi ba lallai ya tashi ba, in tana son ta ƙarasa ubanta ga hanya nan. Da bakina na faɗi haka ga yarinyar da ta bar karatu don ta wanke shi. Ta ce ta sani, shi ya sa ta yi shiru, in laifin nata ne zai ɗauka yarinta ce, amma in ya ji nawa ne ba ta san ko zuciyarsa za ta ɗauka ba. Da za ta sauka ta miƙo mini takarda, ta rubuta lokutan magungunansa da yadda ake riƙe shi ta hagu in za a ɗaga shi. Ko kallona ba ta yi ba.

Yau sati uku ke nan. Council, wato ƙaramar hukuma, suna turo mai kula da shi safe da yamma, baƙuwar mace ce, ya ƙi yarda ta yi masa wanka. Ranar Talata ya faɗo daga keke yana miƙa hannu ya ɗauki kofi, ya wuni a ƙasan kicin har matar ta dawo. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Rifkatu tana zuwa ta tsaya a bakin ƙofa da kular abinci, ya ƙi buɗewa, ta ajiye ta tafi. Ni kuwa kullum sai ya kira ni, yana cewa ni kaɗai na rage masa. Shekaranjiya har haƙuri ya ba ni a kan biyu bisa goman nan, ya ce tsufa ne ya sa shi wulaƙanta ɗansa a gaban mutane, in yafe masa. Na ce ba komai Baba, ya wuce.

Yanzu ga inda na maƙale. Ya gaya wa fastonsu ranar Lahadi yana son magana a gaban jama'a, zai sanar cewa ba shi da 'ya, ko gawarsa kada ta taɓa. Fasto ya yi ya yi, Baba ya ƙi. In na faɗi gaskiya ina tsoron in kashe shi, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ina tsoron kaina ma. Matata ba ta sani ba, takardar kwamiti tana hanya, Honorabul yana da saƙona a wayarsa, duk ranar da muka ɓata na san inda zai kai shi. Wani lokacin har zuciyata tana ce mini ai uba da 'ya ne, za su shirya, in bar su kawai. Amma na san Baba, in ya furta magana a gaban mutane ba ya janyewa, ko da a kan kasafin kuɗin jihar da ya bari tun ban yi gemu ba.

Don Allah 'yan'uwa ya zan yi? In je gobe in durƙusa in faɗa masa mu biyu, ko in fara samun fasto, ko in sa Rifkatu ta tsaya kusa da maganinsa kafin in buɗe baki? Ko akwai hanyar da zan wanke ta ba tare da ya san ni ne ba? Ku yi mini sauri, ɗazu ma ya sake kira. Ya ce in zo da wuri ranar Lahadin in sa masa takalmi, kuma ni zan tura keken zuwa gaban coci, tun da shi ba ya iya tashi tsaye.