Ƙwaya a Gwangwanin Maɓallai

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jaririyar. Ya ciwon bayan naki? Mama tana gaishe ki. Baba da sauƙi, alhamdu lillahi.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, har Mama. Na tona kwandon shara da hannuna, kuma ban yi nadama ba.

Kin san tun da aka fara yi wa Baba wankin ƙoda likita ya ƙara masa wata 'yar ƙwaya mai santsi, bitamin D. To, ranar Asabar Baffa ya zo, ya ɗauki kwalin, ya jujjuya shi, ya duba wayarsa, ya kwashe da dariya. Wai ai bitamin D a rana take, kyauta Allah ya ba mu, likitoci ne ke raina wa mutane hankali. Mutumin da fankar ɗakinmu ta shekara biyu a shagonsa bai gyara ba, shi ne yau zai gyara ƙoda! Ya jefa kwalin a shara. Baba ya ƙyale shi don yayansa ne. Mama ta shige kicin.

Tun daga nan kullum da hantsi sai Baffa ya zo, ya fito da kujerar ɗinkin Baba tsakar gida, ya sa shi ya cire riga, ya tsaya da agogo kamar mai shanyar wanki. Minti ashirin gaba, minti ashirin baya. Shi kuwa yana inuwa yana fifita.

Ni na san ba haka ba ne. Ranar da na raka Baba asibiti, nas ɗin nan mai tabarau ta lura ina son tambaya ina jin kunya, sai ta zaunar da ni. Ta ce abin da rana ke bayarwa ɗanye ne, ƙoda ce ke dafa shi kafin jiki ya amfana. Ƙodar Baba kuwa murhunta ya mutu, shi ya sa ake ba shi dafaffe a ƙwaya. In babu ita ƙashinsa zai riƙa lalacewa a hankali. Na tambaye ta ko za ta sa ya daɗe. Ta ce ba za ta yi min alkawarin shekaru ba, amma kada a yi wasa da ita.

Sai na ciro kwalin, na goge, na zuba ƙwayoyin a gwangwanin maɓallan Baba. Can ne Baffa ba zai taɓa leƙawa ba, ai kayan aiki ne. Ina ba Baba yadda aka rubuta, da ɗan ruwan da aka auna masa. Yakan haɗiye ya kalli bango. 

Don Allah kada ki gaya wa Mama. Ki sumbaci jaririyar.

Ƙanwarki,
Auta


Yaya,

Assalamu alaikum. Na ga saƙonki, na ji daɗi da bayan ya yi sauƙi. A gaida maigida. Mu ma lafiya, sai dai wayona ya juyo kaina.

An yi wa Baba gwajin jini, nas ta ce sakamakon ya yi kyau, ciwon ƙafafunsa ma ya ragu. Da kin ga Baffa! Ya karɓi takardar yana kaɗa kai kamar shi ya rubuta ta, alhali yatsansa a kan lambar wayar asibiti yake. Ya zagaye layinmu kaf yana cewa ranarsa ta yi aiki. Mai kantin ƙofar gidanmu har ya fara ce masa Dokta, shi kuma yana amsawa, bai san zolaya ba ce.

Da nan ya tsaya da sai in yi dariya in bar shi. Amma jiya ya ce tunda rana ta isa, a rage wankin ƙodar daga sau uku a mako zuwa sau ɗaya, a ƙara mintin shanya. Yaya, Baba bai ce a'a ba. Ya gaji da allurar nan da zaman awa huɗu, na gani a idonsa yana so ya yarda, duk da ya san abin da yake haɗiya. Nas kuwa ta taɓa ce mana tsallake wanki shi ne abin da ke kai mutum kwance.

Ni na jawo. Ni na yi aikin, na bar wa mai fanka yabon, yanzu zai ɗauki yabon ya kashe mana uba da shi.

Ranar Litinin zai raka Baba, wai zai je ya wayar wa likita da kai. Har ya goge babbar rigarsa. Na ce wa Mama zan bi su in riƙe jaka, ba wanda ya ko kalle ni.

Kin san muryata, in mutane sun yi yawa maƙalewa take. Don haka na rubuta abin da zan faɗa a takarda, layi uku, na karanta wa keken ɗinki har na haddace. In ma ta maƙale, ba komai. Zan ajiye gwangwanin a teburin likita in buɗe murfin. Gwangwanin ya riga ya shiga jakata.

Ki yi min addu'a.

Ƙanwarki,
Auta