Katunan Sha Ɗaya ga Maris

Lahadi, 18 ga Fabrairu 2024

Matata Hadiyya ta dafa shinkafa da nama ta aika masallacin unguwa, sadakar cikar Tariq shekara biyu da rasuwa. A lissafinta yau takwas ga Sha'aban, ranar da tekun Abhur ya ci ɗanmu. Na taya ta kai tukunya mota, na yi addu'ar da ta kamata. Sai dai a wurina ranar ba ta zo ba tukuna. Tata tana ja da baya kwana goma sha ɗaya kowace shekara, tana yawo cikin zafi da sanyi. Tawa tana tsaye inda take: sha ɗaya ga Maris, ƙarfe uku da minti ashirin na yamma. Bara na zauna gaban agogo tun azahar, ina kallon hannunsa har ya iso wurin.

Saura kwana ashirin da biyu.

Laraba, 21 ga Fabrairu

'Yarmu Zakiya ta zo daga unguwar Bani Malik da mijinta, Abdulmajid. Cikinta ya tsufa. Likita ta ce mabiyiya ta tare hanya, ba za ta haihu da kanta ba, sai an yi mata aiki. Ta miƙo mini takardar asibiti tana murmushi: "Baba, duba, ɗaya ga Ramadan, in an ga wata."

Takardar tana ɗauke da kwanan wata biyu, kamar kowace takarda a ƙasar nan. Ita ta karanta na dama. Ni na karanta na hagu: 11/03/2024.

Na ninke ta yadda na same ta, na ce Allah ya sauke ta lafiya. Ba wanda ya lura shayina ya huce a kofi.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Na ɗauko akwatin katunan. Shekara talatin na yi ina koyar da tarihi, kuma tun bayan rasuwar yaron nake tattara abin da ya faru a ranar, kati ɗaya ga kowace shekara. Ban ɗauke shi imani ba. Tsari ne kawai.

1864, madatsar ruwa ta fashe a kan garin Sheffield na Ingila, mutum sama da ɗari biyu suka halaka. 1917, sojojin Birtaniya suka shiga Bagadaza. 2004, bama-bamai a jiragen ƙasa na Madrid. 2011, ƙasa ta girgiza a Japan, teku ya hau tudu ya tafi da dubbai. 2020, aka ayyana korona annobar duniya, a kwanakin da muka ga filin ɗawafi fayau.

Na Sheffield Juma'a ce. Na Japan Juma'a ce. Namu ma. Ruwa sau uku.

Akwai katin 1990, ranar da Lithuania ta ayyana 'yancin kanta. Yana can ƙasa, a kife. Da ɗalibina ne ya ɓoye hujjar da ba ta yi masa daɗi ba, da na kayar da shi.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Bana har kwana ɗaya aka ƙara wa jiran.

Lahadi, 3 ga Maris

Bayan la'asar na riƙe Abdulmajid a ƙofar masallaci. Na ce ranar farkon azumi ba ta dace da aiki ba: cunkoson hanya, likitoci da ƙishirwa. Na jera dalilai huɗu, kowanne da ƙafarsa, babu na gaskiya ko ɗaya. Yaro ne mai ladabi, Ammi yake ce mini, wato baffa da Larabci. Idonsa a ƙasa ya ce, "Ammi, zan tambaya, in sha Allahu."

Rabon da in yi ƙarya da tsari haka, na manta.

Talata, 5 ga Maris

Tun da ni na nemi a sauya, ya kamata in zo da ranar da ta fi. Na zauna da littattafai tun hantsi. Goma ga Maris: 1945, an ƙone Tokyo daga sama, kusan mutum dubu ɗari. Sha biyu: 1993, bama-baman Bombay. Na matsa gaba, na dawo baya. Duk ranar da na ɗaga, akwai gawa a ƙarƙashinta.

Wannan ya kamata ya kwantar mini da hankali, domin ma'anarsa ita ce ranata ba ta fi sauran muni ba. Bai kwantar ba.

Hadiyya ta shigo da wanki, ta dubi tebur. "Malam, tsohuwar da ke cewa kada a yi tafiya ran Laraba, da kai, mene ne bambancinku?" Na ce ni da hujja nake aiki. Ta ce, "To, camfi ne, sai dai naka ya yi karatu." Ta fita ba ta jira amsa ba.

Alhamis, 7 ga Maris

Zakiya ta zo ita kaɗai. Hawa benenmu na unguwar Madain Fahd ya ɗauke ta lokaci, ina jin numfashinta tun daga ɗaki. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, na ce ta hau kujera, ta ƙi.

Likita ta ce babu wani gurbi sai sha takwas ga wata, kuma kowane kwanan da aka ƙara, jini na iya ɓallewa a gida. In ya ɓalle, tsakanin gida da asibiti da nisa. Tana so a ba ta amsa kafin Lahadi.

"Na ga kwanan watan tun ranar farko, Baba. Ni ma Tariq ƙanina ne." Hausarta takan tsaya mata idan ranta ya ɓaci, sai ta ƙarasa da Larabci, ta dawo. "In ka ce a ɗaga, halas, shi ke nan, zan ɗaga. Ba zan shiga ɗakin nan kana ganin ka riga ka binne ni ba."

Na ce ban faɗi haka ba.

"Ba ka faɗa ba. Tun da na shigo kake kallona kamar hoto."

Da ta yi mini gardama, da na san abin yi. Biyayya ta kawo ta ajiye a gabana. Yanzu in jini ya zo a kwanakin da na ƙara, da bakina ne. In kuma na bar ranar, aka sami abin da nake tsoro...

Ba zan rubuta shi ba.

Asabar, 9 ga Maris

Maƙabarta, bayan sallar asuba da gari ya waye. A nan ba a rubuta suna a kabari, dutse ne kawai. Ranar jana'iza na ƙirga: layi na tara, na huɗu daga bango. Yau na tarar an daidaita ƙasar, an ƙara layuka, ban san daga ina zan fara ƙirga ba. Na yi sallama ga mutanen wurin baki ɗaya. Ina tsaye ne na gane cewa kwanan watan nan shi ne kabarin da na iya riƙewa, shi ya sa nake ta share shi.

Daga cikin mota na kira Zakiya. Na ce, "A bar shi yadda likita ta rubuta." Ta ce, "Za ka zo?" Na ce zan zo.

Ban ji sauƙi ba. Ji na yi kamar na sa hannu a takardar da ban karanta ba.

Lahadi, 10 ga Maris

An ga wata. Bayan magariba aka sanar, gobe azumi. Unguwa ta cika da barka da gaisuwa, maƙwabta suna rige-rigen sayen abin sahur. Iskar arewa ta tsaya cik, sanyin bana ya ƙare, danshin teku ya dawo har cikin ɗaki. Hadiyya ta goge mini farar riga ta rataye a ƙofa.

Talata, 2 ga Ramadan 1445

Mace ce. Jiya aka shiga da Zakiya ƙarfe ɗaya na rana, aka fito da jaririyar kafin biyu. Uwar ba ta fito ba. Wata ma'aikaciya ta wuce mu da sauri riƙe da ledar jini, bayan ɗan lokaci ta sake wucewa da wata. Abdulmajid ya kafa goshinsa a bango, bakinsa yana motsi. Da aka ce wani ya yi wa yarinyar kiran salla a kunne, ya kasa. Ya ce, "Ammi, kai."

Na karɓe ta. An ɗaura mata ɗan zobe na roba a ƙafa, da sunan uwarta da 11/03. Na gani. Na yi kiran sallar, muryata ta kai ƙarshe. Ta yi ta kuka, na yi ta kai da kawo da ita a bakin ɗakin jarirai, har ma'aikatan suka gaji da roƙona in mayar.

Wajen ƙarfe biyar likita ta fito ta ce jinin ya tsaya. Da aka bar mu muka shiga, leɓɓan Zakiya sun yi fari. Abin da ta fara cewa shi ne, "Baba, ka ci abinci?" Hadiyya ta ce, "Azumi ake yi, 'yar nan."

Sai da muka sha ruwa da dabino a barandar asibiti na dubi agogo. Uku da minti ashirin ta zo ta wuce, ban san a ina nake ba lokacin. Mai yiwuwa tsakanin taga da ƙofa. Na nemi gafarar Tariq a zuciyata, ko da yake ban tabbata laifi ba ne.

Akwatin yana kan tebur. Ban buɗe ba, kuma ban ce na daina ba. Lokaci ne babu. Gobe ma ni zan kai musu abin buɗa baki.

Yanzu na lura da kwanan watan da na rubuta a saman shafin nan. Da tawada ne, ba ya goguwa.