Akurkin da Gabdo Ya Saƙa Mini

Lokuwa, Mubi,
18 ga Janairu, 1971.

Zuwa ga ɗana Zira,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da matarka Rut. Yaya gajiyar aikin soja, yaya kuma zaman Inugu?

Takardarka ta iso. Na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune, sa'an nan na fita ƙofar gida ina karanta wa duk mai wucewa, har da wata mai tallan nono wadda ba ta jin Hausa sosai. Na yi jika namiji! Tun da ɗan fari ne, a al'adarmu ba sai an nemi suna ba, Tizhe ne kamar ni. Ka gaya masa mai sunan yana nan da ransa, ya zo mu ga wanda zai sakar wa wani. Da mahaifiyarka Susana tana raye, da an ji guɗarta har hayin kogi.

Ka ce ba za ka sami hutu ba, amma Rut za ta kawo shi lokacin Ista a miƙa shi ga Allah a majami'armu, ni in karɓe shi a gaban jama'a in faɗi sunansa. Na yarda, na yarda ƙwarai. Sai dai akwai abin da ban rubuta maka ba a takardun baya. Wannan karatu da na yi a ƙofar gida, ba riga a jikina na yi shi.

Lokacin yankan dawa wani ciwo ya soke ni a haƙarƙarin hagu, har na zaci zuciya ce. Bayan 'yan kwanaki ƙuraje masu ruwa suka fito a jere, daga gadon baya zuwa ƙirji, kamar an ɗaura mini rabin ɗamara. Wasu suka ce fitsarin gizo-gizo ne. Wasu suka ce in bakin nan da bakin can suka haɗu, sai a tafi haƙa kabari. Matar maƙwabcina ta ce agana ce ta dawo, ta hana yaranta shigowa. Likita a asibiti ya ce ba ko ɗaya: ƙarambau ce da na yi ina yaro ta kwanta a jijiya, tsufa ya tashe ta, kuma ba ta cika tsallake tsakiyar jiki ba. Ya ba ni farin magani na shafawa da ƙwayoyi.

Ƙurajen sun bushe tuni, kuma ya tabbatar mini yanzu ba zan harbi jariri ba, don haka kada Rut ta ji tsoro. Amma zafin ya ƙi tafiya. Ko bakin zare ya taɓa wurin sai in ji kamar an watsa mini garwashi. Iska ma in ta kaɗa ina jin ta a haka. Ba na cin abinci sosai, barci kuma sai a zaune. Duk da haka ina godiya, don Lidiya mai ɗanyen kifi nata irin ciwon a goshi ya fito, idon dama ya tafi.

Tun daga lokacin ban taka majami'a ba. Dattijo ba ya shiga gidan Allah da zane a ƙugu kawai. Ina jin waƙa daga nan tsakar gida in bi su a hankali. Amma kafin Ista zan san yadda na yi da riga, ka bar mini wannan.

Ka gaishe da Rut da kyau, ka gai da abokin faɗana.

Ni ne mahaifinka,
Ya'akubu Tizhe.

Lokuwa, Mubi,
9 ga Maris, 1971.

Ɗana Zira,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata ku ukun kuna ƙalau. Na je majami'a ran Lahadi, da babbar riga a jikina.

Ga yadda aka yi. Ina zaune ina kallon kazata a cikin akurki, an rufa buhu a kai don rana, sai na lura buhun bai taɓa ta ba ko kaɗan. Na tashi ban yafa komai ba, na bi ta lungu zuwa gidan Gabdo mai saƙar kwanduna, wanda kuka riƙa satar masa tsagin gora kuna yara. Na ce ya saƙa mini akurki daidai jikina. Ya daɗe yana dubana, sa'an nan ya kira matarsa ta zo ta shaida, wai tun da yake sana'a kaza ba ta taɓa zuwa da ƙafarta a auna ta ba sai yau.

Na farko da ya yi ya yi nauyi, na biyu ya karye da na durƙusa. Na uku shi ne. Ya rataya a kafaɗar dama, ya zauna a ƙugu bisa gammon auduga, ya yi baka a gefen hagu, tsakaninsa da fata kamar faɗin tafin hannu. A ɗaure shi da igiya ta baya, a zura riga a kai, shi ke nan. Iska ba ta shiga, riga ba ta taɓa.

Da ka ga jama'a. Kalibu, wanda muka koyi karatu tare a makarantar mishan, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a taya shi duba, an ce Ya'akubu yana jinya ashe kiwo ake yi masa a ɓoye. Wata tsohuwa ta tambayi watan haihuwata. Na ce mata bayan Ista, ta shirya ruwan zafi. Aka ba ni karatun Zabura, muryata ta fita har bayan ɗaki. Na dawo gida na cinye tuwo malmala biyu. Jiya ma na ratsa kasuwar shanu don kawai a gan ni, yara suna bina suna ƙwanƙwasa mini ciki.

Abu guda ne ya rage. Na naɗe kabewa a zane na gwada riƙe ta kamar jariri. Ba ta zama. Gorar tana tura ta waje, hannuwana kuma ba su da ƙarfin riƙe abu nesa da jiki. Ta suɓuce ta fashe a ƙasa, na tsaya ina kallonta. Gabdo ya ce zai yi mini ɗan gurbi a gaba kamar na ƙwai. Yana kan saƙawa. Kada ka gaya wa Rut zancen kabewa.

Allah ya kiyaye ku, ya kawo su lafiya.

Mahaifinka,
Ya'akubu Tizhe.

Lokuwa, Mubi,
15 ga Afrilu, 1971.

Ƙaunataccen ɗana Zira,

Ina gaishe ka da murna, da fatan kana lafiya kamar yadda iyalinka suke a nan. Sun sauka daga motar Yola da gajiya kawai. Yaron baƙi ne kamarka, goshin kuwa na Susana ne sak.

A daren saukarsu... a'a, da yamma ne, rana ba ta faɗi ba. Rut ta durƙusa ta gaishe ni, ta ɗora mini shi a gurbin da Gabdo ya saƙa. Ya zauna daram, ba zancen faɗuwa. Amma ya tsala kuka, ni kuma ban ji komai ba, ko ɗuminsa. Kamar na ɗauko kaya daga kasuwa. Rut ta karɓe shi ta ce, "Baba, ba kome, zai saba."

Ran Lahadi majami'a ta cika har waje. Gabdo ya zo ya zauna can gindin mangwaro da carbinsa, wai ba zai shiga ba amma sai ya ga yadda aikinsa zai yi. Ana waƙa ta biyu na fita na same shi, na juya masa baya na ce ya kwance igiyar. Ya ce, "Malam, ka haukace ne? Wata guda ina fama da wannan abu." Na ce ya riƙe mini, zan dawo in karɓa. Ya kwance yana ta mita da Fillanci.

Da rigar ta sauka a kan fata sai da na dafa itacen. Daga can zuwa gaban majami'a ban san yadda na taka ba. Kalibu ya ce da ƙarfi, to, an sauka lafiya. Aka yi dariya, ni ban iya ba.

Fasto ya kira ni, Rut ta miƙo shi. Na yi niyyar kwantar da shi a dama, amma abokin faɗan nawa ya juya ya dafa kansa a hagu, daidai kan tabon, ya damƙi wuyan rigata. Zira, wuta ce. Idona ya rufe. Amma a ƙarƙashin wutar na ji nauyinsa da ɗuminsa da numfashinsa a wuyana. Tun ranar da muka binne mahaifiyarka babu wanda ya jingina a jikina, ban ma san na lura da haka ba sai a lokacin. Na faɗi sunansa da kyau, kowa ya ji. Hawaye suna zuba, jama'a suna cewa murna ce. Rabi murna ce. Fasto ya gama addu'a ya miƙo hannu, na ce ya ɗan dakata, yaron ya fara barci.

Ba zan ce maka na warke ba. Litinin da Talata a kwance na yi su, likita ma ya ce irin wannan zafi yakan daɗe a jikin tsoho, wani lokaci shekaru. Akurkin ya dawo, da shi nake fita, Gabdo kuma ya huce. Amma kowace safiya nakan zauna ba akurki, Rut ta kawo mini yaron, in riƙe shi iyakar abin da zan iya. Kullum a hagu yake kwanciya, mugu.

Ina roƙonka ka bar mini su har ruwa ya sauka. In kuma ka sami hutu ka zo, kada ka durƙusa daga nesa kamar yadda kowa yake yi mini yanzu. Ka matso ka rungume ni. Ta dama dai, don kai ka fi shi nauyi.

Ni ne mahaifinka mai ƙaunarka,
Ya'akubu Tizhe, babba.