Gurbi na Arba'in da Bakwai

Zuwa ga Yaya Ja'afaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya a Fatakwal, kai da Anti Luba. Mu ma lafiya, sai ƙafar Inna da ta motsa, da tsadar nan da ta hana kowa sakat.

Yaya, kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya. Ka san tunda na koyo rubuta manhaja a Kano, ƙungiyar masu noman rani ta nan Watari ta ɗora min rabon ruwa. Injinmu na ban ruwa ɗaya ne, man da muke samu na awa ashirin ne a mako. Filaye tamanin ne a jeri, kowanne da lambarsa, manhajar ta ba kowa minti goma sha biyar. Sai tumatirin Baba ya fara yaushi. Ya ce wai da rowa aka ƙera kwamfutar tawa. Na yi ta musu, ka san bakina. Sai da Malam Nababa mai kula da injin ya ce kullum mai na saura a jarka alhali shuka na ƙonewa, sannan na koma na duba manhajar.

Ashe laifina ne. Duk wanda ya bar noma ya tafi ci-rani ina cire sunansa, amma gurbinsa na nan a jerin, babu komai ciki. Ni kuma na sa manhajar ta ɗauki tsawon jerin, maimakon ta bi gurbi-gurbi ta ƙirga masu suna kawai. Wata guda ina raba wa mutanen da ba sa nan ruwa. Kunya kamar in nutse. Na gyara, ta ƙirgo hamsin da ɗaya.

Hamsin ne ke noma, Yaya. Ɗayan kai ne, lamba arba'in da bakwai. Shekara biyu filinka sai ciyawa, amma hannuna ya ƙi goge sunanka. Shugaban ƙungiya, Alhaji Abdulƙadir, ya ce ranar Juma'a duk filin da ba a nomawa za a ba wani. Baba ya hana ni tambayarka, wai kar ka ji nauyi, amma kullum sai ya biya ta filin naka ya tsaya. To ni na tambaya: za ka dawo, ko in goge? Ka amsa min kafin Juma'a, don Allah.

Inna da Goggo Mairo suna gaishe ka. Ka gaida Anti Luba.

Ƙanwarka,
Hure