Kunnenka da Idona

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga mahaifina, Baba.

Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda 'ya ke yi wa uba, tare da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san takarda ba ta isa inda kake, na kuma san wasu za su karanta wannan. Su karanta. Da Hausa na rubuto maka, ba da Larabcin da ya fi zama a bakina ba, don na san da ita ka fi son a yi maka magana.

Ka tuna shekarar da ciwon suga ya cinye maka ido. Ya fara da hazo-hazo, kana cewa gilashin mota ne ya yi datti, kana ta goge shi. Daga baya ka daina goge shi. Ka sayar da tasin da ka yi shekaru kana jigilar fasinja da ita tsakanin Makka da Jidda, ka dawo falonmu na unguwar Shisha, ka zaɓi kusurwar da ke ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, inda sanyi ya fi bugawa, ka zauna. Masallacin unguwa ma ka daina zuwa, don sai an riƙe maka hannu. Umma ta yi lallashi har ta gaji. Amsarka ɗaya ce kullum: "Ba za a ja ni a titin da na yi rayuwata ina jan mutane ba."

Ni kuwa lokacin na gama jami'a, aiki bai samu ba. Bayan la'asar sai in ja labule, in buɗe kwamfuta, in shiga wasan nan nawa mai ban tsoro. Kullum da samma'a, abin sauraren nan na sawa a kai, a kunnena nake yi, ba mai jin komai sai ni. Ranar da wayar samma'ar ta tsinke ne na bar sautin ya fito fili, na rage shi sosai, ina zaton barci kake yi.

Wasan ba shi da wuyar bayani, wuyarsa a ci ne. Mai gadi ne a wani gidan wasan yara da aka rufe, yana zaune a ɗan ƙaramin ofis mai ƙofa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. A cikin ginin akwai mutum-mutumin dabbobi masu inji a ciki, irin waɗanda ake ajiyewa su yi wa yara waƙa da rawa. Da dare sai su sauko daga dandamalinsu su nufo ofis. Mai gadi ba shi da bindiga, ba shi da wurin gudu. Abin da yake da shi kawai kyamarorin duba ɗakuna, da fitilar bakin ƙofa, da maɓallin rufe ƙofa. Kuma duk ukun daga wuta ɗaya suke sha. Ka duba kyamara, wuta ta ragu. Ka rufe ƙofa, tana ta zuba har sai ka buɗe. In ta ƙare kafin gari ya waye, kai ma ka ƙare. In ka tsira har safiya, sai a wuce da kai dare na gaba, wanda ya fi wuya.

Ranar ina can ina ta juya kyamarori, ina neman inda birin cikin dabbobin ya shiga, sai na ji muryarka daga kusurwa, a hankali: "Rufe ta hagu." Ban rufe ba. Na tsaya ina mamakin da wa kake. Kafin in juyo, birin ya faɗo mini a fuska da ƙarar nan tasa, na yi ihu na ture kofin shayi a kan darduma. Sai na ga gefen bakinka ya motsa, abin da muka yi watanni ba mu gani ba.

Washegari bayan la'asar ban kunna ba, don kunya. Kai ne ka yi gyaran murya ka ce, "Safiyya, yau ba za a yi shirmen ba ne?"

Da na ba ka labarin wasan, cewa wai rayukan matattu ne suka shiga cikin ƙarafan, sai ka yi ta'awwuzi, ka ce wannan ƙarya ce tsagwaronta, wanda ya mutu yana inda Allah ya ajiye shi, ba ya shiga cikin giwar roba. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ka ƙara da cewa, "Amma wanda ya shirya ƙaryar nan ya san aikinsa. Kowace dabba da irin tafiyarta."

Gaskiyarka ne, ni ce ban taɓa lura ba, don da ido nake wasa. Na sayo sabuwar samma'a na sa maka, ni na riƙe kwamfuta. Cikin 'yan kwanaki ka rarrabe su duka. Giwa nauyi gare ta, takunta yana zuwa daga nesa, kuma ba ta canza hanya, kullum ta dama. Ka sa mata suna Hajiya Babba. Biri gwiwarsa tana ƙara kamar ƙyauren da ke neman mai, yana zuwa da gudu sannan ya tsaya cik a bakin ƙofa, wai don a ɗauka ya tafi. Mujiya kuwa ba ta bi ta ƙofa sam, ta bututun iska na saman rufi take rarrafowa, ba a jin komai sai ɗan karcen farcenta a jikin ƙarfe. Ita ce ta fi cin mu. Ka ce ita kaɗai kake girmamawa a cikinsu.

Matsalarmu ta farko ba dabbobin ba ce, Hausata ce. In ka ce "hagu", sai na tsaya na fassara ta a kaina kafin yatsana ya motsa, kuma wasan ba ya jiran tafinta. Sau da yawa na rufe ƙofar da ba kowa, na bar wadda mutuwa ke tsaye a bakinta. Na roƙe ka ka riƙa faɗa mini da Larabci, ka ƙi. Ka ce 'yar da aka haifa a gidan Bahaushe ta rasa sanin hagunta, gara biri ya cinye ta. Haka biri ya yi ta cinye ni har na koya. Yau ko cikin barci aka ce mini hagu, hannuna ya san inda zai je.

Matsala ta biyu tsorona ne. Da na ji motsi sai in danne ƙofofin duka biyun, in zauna ina jin daɗi wai na tsira, wuta kuwa tana tsiyayewa. Kafin tsakiyar dare na wasan ta ƙare. Kai ne ka karɓi ragamar wutar. Ina karanta maka abin da ya rage, kana yi mana tsari kamar mai lissafin mai a doguwar hanya. Ka hana ni duba kyamara sai in dole. Ka hana ni taɓa fitila in kunnenka ya riga ya gaya maka. Ka ce, "Taku ba ya kisa, bar su su yi ta yawo. Kada ki rufe sai na ji numfashi." Zama da ƙofa a buɗe, kina jin abu yana matsowa, hannunki a kan maɓalli ba ki danna ba, shi ne abu mafi wuya da na taɓa koya. Kai kuwa kana zaune da carbinka, ko gezau.

Akwai ranar da duk dabararmu ta kasa, wuta ta ɗauke gab da asubar wasan. Allon kwamfuta ya yi baƙi ƙirin, ƙofofi suka buɗe da kansu, wani ɗan kiɗa mai sanyi ya fara tashi daga nesa. Na ce maka ba na ganin komai. Sai ka fashe da dariya, irin wadda take girgiza maka kafaɗa, ka ce, "Marhaba, yau kin zo unguwarmu." Ka ce in cire hannuna daga komai, in an motsa ne suke saurin zuwa. Muka yi tsit, ni da kai, har Umma ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Kiɗan ya matso, ya matso. Sai ƙararrawar safiya ta kaɗa. Mun tsira. Ka ɗaga hannu sama kamar wanda ƙungiyarsa ta ci ƙwallo, carbi yana lilo.

Ba a yi mako biyu ba, wata magariba, ka ce a miƙo maka sandar da aka ba ka a asibiti, wadda ka jefa bayan kabad tun ranar da aka kawo ta. Umma ta ɗauko mayafi za ta raka ka, ka ce ta zauna. Ka sauka matakala kana lalube, ni kuma na lallaɓa na biyo ka a baya. Na ga ka tsaya a bakin titi ka karkata kai, daidai yadda kake yi in kana sauraron mujiya. Ka bar motoci suka wuce. Ka tsallaka. Ka wuce bakala, kantin nan na ɗan Yaman, ka bi ƙarar firjinsa ka karya kwana. Da ka kusa ƙofar masallaci sai ka ce, ba tare da ka juyo ba, "Koma gida, Safiyya. Tun daga bene nake jin silifas ɗinki." Na koma ina kuka ina dariya, masu wucewa suna kallona.

Daga ranar ba ka ƙara fashin jam'i ba sai da ciwo ya kwantar da kai.

Daren ƙarshe na wasan kuwa ya gagare mu. A nan ake sakin dabbobin gaba ɗaya, wuta tana zuba kamar an huda tanki, ƙarar wannan tana rufe ta wancan. Mun yi ta kai masa hari. Wani lokaci mukan kai har gab da ƙararrawa sannan Hajiya Babba ta shigo. Kai ba ka taɓa jin haushi ba. Sai ka cire samma'a, ka shafa kai, ka ce mu sake tsari gobe. Sai ƙodarka ta fara ba da matsala, kwanakin asibiti suka fi na gida yawa. Ko a gadon asibiti ba ka bar hali ba. Kana gane ma'aikatan jinya da takunsu tun kafin su shigo, kana gaya mini wadda za ta zo da allura don in fita, tunda ka san ba na iya kallo.

An yi maka salla a Harami bayan azahar, cikin jama'ar da ba su san sunanka ba amma suka yi maka addu'a. Ka sha faɗin cewa wannan kaɗai ya ishe ka ladan zaman Makka. Allah ya ba ka.

Na samu aiki bayan rasuwarka, Baba, Umma tana lafiya, gida yana tsaye. Wasan dai na daɗe ban buɗe shi ba. Daren ƙarshe yana nan inda muka bar shi.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ƙanwarka, Gwaggo Hajara ta unguwar Utaibiyya, ciwon nan na gidanku ya taɓa mata ido. Likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, saura kuma yana bin sa. Ta daina fita, ta daina girkin da take sayarwa, 'ya'yanta sun ce yini take yi fuskarta a bango. Da Umma ta gaya mini, ban yi shawara da kowa ba. Ranar Alhamis na tashi daga aiki, na saka kwamfuta da samma'arka a jaka, na tari tasi.

Ka san halin ƙanwarka. Da na yi mata bayani ta ce, "A'uzu billahi, ina fama da kaina, aljanu za ki kawo mini ɗaki?" Na ce mata kai ma haka ka fara. Da ta ji na ambace ka sai ta miƙo hannu. Ta shafa samma'ar da yatsunta, ta tambaye ni ko ita ce ka riƙa sawa. Na ce ita ce. Ta ɗaga ɗankwalinta da kanta, ta sa.

Ba ta da haƙurinka ko kaɗan. Tana jin taku take ihu in rufe komai, in rufe har da taga. Ta zagi biri, ta zagi wanda ya ƙera shi. Wuta ta ƙare mana tun dare bai yi nisa ba, giwa ta shigo, Gwaggo ta yi salati da ƙarfi har maƙwabciya ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambayar lafiya. Amma a karo na gaba ita ta fara jin karcen mujiya a bututu, kafin in ga komai a kyamara. Kunnen gidanku ne, Baba. Zan koya mata sauran yadda ka koya mini, kuma ba na shakka za ta iya.

Da na tashi tafiya ta riƙe mini hannu. Ta ce in bar mata samma'ar a wurinta. Sannan ta ce wa 'yarta ta jiƙa wake, don ranar da zan dawo sai na ci ƙosanta kafin a fara, ba za ta yi faɗa da giwa da yunwa ba. 'Yar ta kalle ni, idonta ya cika da hawaye, ta wuce kicin da sauri.

Ya Allah, ka ji ƙan mahaifina, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka cika shi da haske. Ka mayar masa da ganinsa a Aljanna fiye da yadda yake a da, ya ga Annabinka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka ba Gwaggo Hajara lafiya da ƙarfin zuciya, ka ja kwanan Umma cikin alheri, ka haɗa mu duka a inda ba a rabuwa. Amin.

Wassalam.

'Yarka mai yi maka addu'a a kowace salla,
Safiyya
Shisha, Makka